Sunan da Hasiya Ta Kai Bakin Teku

Yayata Hasiya masaƙiyar suwaita ce a unguwar Rikkos da ke Jos. In ka taɓa ganin ɗan firamare a Jos da sassafe, hanci na yoyo, sanye da koriyar suwaita mai farin zane a wuya, to da wuya in ba daga ɗakinta ta fito ba. Injin saƙarta irin na jan hannu ne, ƙurrr dama, ƙurrr hagu, tun daga idar da sallar asuba har rana ta take. Maƙwabta sun daina jin ƙararsa. Sai ranar da ya yi shiru ne ake leƙowa a tambayi ko lafiya.

Mahaifinmu leburan kuza ne a Barikin Ladi kafin mu dawo cikin gari, kuma abu biyu ya bar wa Yaya gado: tsoron sanyi da tsoron ruwa. Ya sha gaya mana cewa kududdufan da masu haƙar kuza suka bari suna cin mutum. Ni Madina da ƙanenmu Gwadabe muka ji ta kunnen dama ta fita ta hagu, ita kuwa ta riƙe kamar karatun allo. A wurinta babu ciwon da ba sanyi ne ya kawo shi ba. Ciwon kai sanyi ne, ciwon haƙori sanyi ne. Da aurena na fari ya mutu ma cewa ta yi ai dama gidan nasu yana kusa da rafi.

Amma abin da aka fi saninta da shi kunya ce, musamman kunyar 'yar fari. Tun da ta haifi Rahma bakinta bai taɓa furta sunan ba. Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yabonta, in za ta aike ta sai ta ce, "Ke, zo." In za ta yi maganarta kuma sai ta ce "yarinyar nan". Matan zamaninmu da yawa sun yi wannan alkunya suka sassauta da girma ya zo. Yaya kam sai ma ƙara ɗaure ta take. Ko addu'a za ta yi wa mamaci, ba ta cewa Allah ya yi masa rahama, sai dai Allah ya jiƙansa. Ita Rahma ma "Yaya" take ce mata, kamar yadda ta ji muna faɗa.

Wadda Rahma ke kira Mama ita ce Suzana, maƙwabciyarsu ta jikin katanga. Iyayen Suzana mutanen Oron ne, can bakin ruwa a Akwa Ibom. Aikin akawu a kamfanin kuza ya kawo ubanta, aka haife ta a Jos. Tana da rumfa a kasuwar Taminus, kuma ita ke sayar da rabin abin da Yaya ke saƙawa. Hausa a bakinta kamar ruwa, illa dai kowa "kai" ne a wurinta, mace ko namiji. Ita ta goya Rahma, ita ta yi mata kitson shiga makaranta, ita ta je ta zazzage wa wani malami kwandon masifa ranar da ya fasa wa yarinyar leɓe. Har 'yan unguwa suka koma kiranta Maman Rahma, Yaya kuwa ko a jikinta, daɗi ma take ji a ɓoye.

Sai rikicin Jos na 2001 ya zo, bayansa kasuwar Taminus ta ƙone da rumfar Suzana a ciki. Ta tattara abin da ya rage ta koma Oron, garin da ba ta taɓa yin wata guda a cikinsa ba.

A 2006 aka sa ranar auren Rahma da wani abokin aikinta, ma'aikacin jinya. Ta kafe cewa ba mai kai ta ɗakin miji sai Mama. Ta kira ta a waya ta yi kuka, ta yi magiya. Suzana ta ce mata, "Uwarka ya zo ya gaya mini da bakinsa." Daga nan ta kashe wayar.

To ka ji inda gizo ke saƙar. An ce mace ta je ta yi roƙo saboda 'yar da ko sunanta ba ta iya faɗa. Ni na ce a bar zancen, a nemi wata ta kai amarya, ai ba a rasa tsofaffi a dangi ba. Yaya ta tashi. Ta shiga ɗaki, inji ya yi kwanaki yana ƙurrr ba hutu, sannan ta fito ta ce wa Gwadabe, "Yaushe za ka kai dankali Kalaba? Zumunci a ƙafa yake."

Gwadabe direba ne, yana da tsohuwar fijo wagon da yake lodin dankalin turawa da kabeji da karas zuwa kudu. Ranar tafiya ya ga Yaya ta fito da buhu guda, ya taɓa ya ji laushi.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Kayan sanyi. Na Suzana, da namu."

"Sanyi? Yaya, can fa ko singileti nauyi take yi wa mutum."

"Kai dai ja mota. Ɗan dam ɗin nan na Lamingo ma, in ka tsaya bakinsa da yamma sai haƙoranka sun haɗu. Ina ga teku, uban ruwa gaba ɗaya?"

Ba yadda ba mu yi ba. Haka ta sa ni na zura suwaita da safa, ita kuma ta ƙara da hular ulu a ƙarƙashin mayafi. Muna gangara Hawan Kibo na tuɓe tawa na cusa a ƙarƙashin kujera. Kafin Lafiya gumi ya jiƙa mata wuya, a Makurɗi tana fifita da murfin kwali, amma in ka ce ta cire sai ta ce ai ba a iso ruwan ba tukuna. Muka kwana a Bogobiri, unguwar Hausawan Kalaba, Gwadabe ya sauke kayansa. Washegari da hantsi muka ɗauki hanyar Oron, daji kore shar hagu da dama, bishiyoyin kwakwar manja kamar an jera su da igiya.

Suzana na tsaye a bakin titi tana jiranmu, ta yi ƙiba, furfura ta fito mata a goshi. Ta buɗe ƙofar mota da kanta, ta kalli Yaya daga hula har safa, sai ta zauna a kan kwalbati tana dariya har da riƙe ciki.

"Hasiya! Wa ya mutu ya bar maka bargo? Kai, Jos! Jos ba zai canja ba!"

Suka rungume juna. Yaya ta kwance buhu ta miƙa mata suwaita ja mai kauri kamar katifa, da hula da safa. Na ɗauka Suzana za ta ajiye ne, sai na ga ta kai ta hanci ta shinshina, sannan ta zura ta a cikin wannan rana. Ta kira mai hoto na bakin tasha ya ɗauke su su biyu, suna naso kamar man shanu a kasko. Sai da aka gama hoton suka tuɓe tare, kowacce na cewa ɗayar ce ta fara gajiya.

Muna shiga mota Yaya ta gyara murya. Na ce a raina yawwa, a yi ta ta ƙare.

"Yarinyar nan tana gaishe ki."

"Wane yarinya?" in ji Suzana. "Yara da yawa a Jos."

"Ke ma kin sani."

"Ban sani ba. Na tsufa, kaina ya ruɓe. Gwadabe, oga direba, bi nan. Yau sai kun ga gari, da ɗan gari akan ci gari."

Ta fara kai mu kasuwar bakin ruwa. Jiragen kwale-kwale sun yi sahu, mata na sauke kwanduna, ƙarnin kifi da hayaƙin banda sun cika ko'ina. Yaya ta bi ta can nesa da gaɓa, tana rakuɓe da bangon rumfuna, hannunta ɗaya riƙe da gefen zanena. Muka iso inda aka tsiba wasu jajayen ƙwari busassu, tsibi-tsibi har ƙugu. Ta tsaya, ta ɗauki ɗaya ta juya shi.

"Ashe su ma suna cin fara."

"Ba fara ba ne, kirefish ne. A ruwa yake."

"To, farar ruwa ke nan," in ji Yaya, ta jefa a baki. Ta tauna, ta ce da an sa mata yaji da ta fi ta Maiduguri. Mai kayan ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ƙara mata da cikin hannu.

Gwadabe kuwa tun a hanya yake cika baki cewa shi ɗan kudu ne, kuma malamai sun ce duk abin da ya fito daga teku halal ne, ba sai an yanka ba. Yana cikin wannan wa'azi wata ƙaguwa mai faɗin faranti ta fito daga kwando ta nufo shi a karkace. Ya yi tsalle ya haye benci, ya ce shi dai wannan bai ji malam ya ambace ta da suna ba.

Daga kasuwa Suzana ta kai mu wata rumfar abinci ta ƙawarta. Kafin mu zauna ta shiga madafa da kanta, ta buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya, ta fito ta ce, "Wannan da wannan kifi ne zalla, ku ci. Wancan kada ku tambaya." Aka kawo teba da miyar wani ganye da suke kira afang, ta sha manja, kifi a ciki kamar ba da kuɗi ake saye ba. A cikin miyar akwai wasu ƙananan dodon koɗi baƙaƙe, dogaye kamar kan allurar saƙa. Suzana ta nuna mana yadda ake yi: a kama, a kai baki, a tsotsa da ƙarfi har naman ya fito, tsuut. Rumfar gaba ɗaya tsuut kake ji, manya da furfurarsu.

Ni na kasa, na ture nawa gefe. Yaya ta ɗan ci loma biyu, ta wanke hannu, ta fuskanci Suzana.

"Dama abin da ya kawo ni..."

"Ina ji."

"Wato ita... an sa rana."

"Ranar wa?"

Bakin Yaya ya buɗe, na ga harshenta ya tashi zai kama harafin farko. Sai kawai ta kai hannu cikin kwano, ta ɗauki dodon koɗi ta toshe bakin da shi. Tsuut. Ta ɗauki wani. Matar da ko ganda ba ta ci a gidan biki saboda kada a ji ƙarar taunarta, ita ce ta share kwano guda, ta jawo nawa ma ta gama da shi. Duk sanda Suzana ta ce "Ranar wa?" sai ka ji tsuut.

Haushi ya kama ni. Mun baro Jos, mun kwana a hanya, ƙafafuna sun kumbura, a ce kalma ɗaya ta gagara? Na ce, "Ke Suzana, bar wahalar da mutane. Auren Rah..."

"Madina!" Ta ɗaga mini yatsa. "Kai ne ka haife shi? Abeg, ci kifinka."

Na ci kifina, don na san Suzana tun ina budurwa, ba a gardama da ita a ƙoshi.

Ita ce ma ta duba rana ta ce azahar ta yi, ta kai mu inda 'yan uwanmu masu sayar da albasa suke da ɗan masallaci, ta zauna a mota tana gadin takalmanmu. Bayan nan muka miƙi hanyar Eket. A wani ƙauye ta tsayar da mu aka sare mana ɗanyar kwakwa, muka sha ruwanta daga ƙoƙon, muka kankare farin da ɓallin ɓawo. A gaba kuma ga gasasshiyar agada da kifi, an barbaɗa barkono mai sa kunne ƙaiƙayi. Gwadabe ya ci uku yana tuƙi da hannu ɗaya.

Muna cikin haka sai hadari ya taso daga inda ba mu zata ba, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Gwadabe ya leƙa sama ya ce, "Alhamdu lillahi, rahama ta sauka."

Suzana ta yi wuf ta juyo. "Hasiya, me ya sauka?"

"Ruwa."

"Gwadabe ya ce wani abu dabam."

"Gwadabe ai surutu gare shi tun yana yaro."

Dariya ta hana Gwadabe ganin hanya, sai da ya gangara gefe ya tsaya. Ni ma na yi, ban so ba. Amma na lura Suzana ta riga kowa daina dariya, ta juya tana kallon taga.

Ruwan ya ɗauke kafin mu kai Ibeno, garin bakin teku. Gwadabe ya ajiye mota a ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa, muka taka yashi mai laushi, ƙafa na nutsewa. Tun kafin mu ga komai muke jin wani ruri kamar manyan motoci na wucewa ba ƙarshe. Muka haye ɗan tudu, sai ga shi.

An ce gani ya kori ji. Ruwa ne har inda ido ya ƙare, ya haɗe da sama, yana tasowa fari fat yana zubewa yana komawa. Yaya ta tsaya cak. Can ta sa hannu ta kare ido, ta duba dama, ta duba hagu.

"Ina ɗaya gaɓar?"

"Babu," in ji Gwadabe.

Ta girgiza kai cikin takaici. "Wane kamfani ne ya haƙa wannan ya tafi bai cike ba?"

Gwadabe ya faɗi a yashi yana shure-shure. Suzana ta ce ai wannan kamfanin Mai Sama ne, kuma bai tafi ko'ina ba. Yaya ta yi ta salati a hankali. Ta yarda a zauna, amma can baya, inda ko feshin ruwan ba ya kaiwa. Gwadabe ya naɗe wando ya tafi wajen masunta da ke jan taru, muka rage mu uku.

Rana ta fara sunkuyawa, kuma da asuba za mu juya. Na ga Yaya na murza gefen mayafinta, na ji tausayinta ya kama ni, haushin ya tafi. Na ce, "Suzana, don girman Allah. Kin san halinta. In tsoron Jos kike ji, ki faɗa, ba mai ganin laifinki."

Ba ni ta amsa wa ba. Yaya ta kalla, kuma babu wasa a muryarta.

"Tsoro yana nan. Har yau in taya ya fashe sai in nemi wurin ɓuya. Amma ba shi ne ba. Hasiya, lokacin faɗa ka ɓoye ni a ɗakinka, ka sa mini hijabinka, ban manta ba. Ranar da zan tafi ka dafa mini abinci, ka raka ni tasha, ka riƙe mini jaka. Ina ta jira ka ce, Suzana, zauna. Kalma ɗaya. Da ka faɗa da na sauko daga motar nan. Ba ka ce komai ba. Na zo nan, suna ce mini 'yar Hausa, yarensu ma a karye nake yi. Na ce to, can ba a ce in zauna ba, nan ba a san ni ba."

"Kunya na ji," in ji Yaya, da ƙyar ake jinta. "Rumfarki ta ƙone, an kashe miki mutane. Da wane baki zan ce ki zauna?"

"Da wannan bakin da ka cinye dodon koɗi kwano biyu."

Ba wadda ta yi dariya. Suzana ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ta gangara bakin ruwa ita kaɗai, ta tsaya inda igiyar ruwa ke zuwa tana shafar ƙafa, ta ba mu baya.

Yaya ta cire takalmi. Na ce, "Yaya, ina za ki?" Matar da ke zagaye kwata in an yi ruwan sama, ita ce ke takawa zuwa teku, tana tafiya kamar mai taka ƙaya. Na bi ta a baya. Ruwan farko da ya taɓa yatsunta sai da ta yi ƙara, amma ba ta koma ba. Ta kai hannu ta damƙi wuyan hannun Suzana da hannu biyu, ta ɗaga murya sama da rurin ruwan.

"Suzana! Rahma za ta yi aure. 'Yata Rahma, 'yarki Rahma. Ta ce ba ta shiga ɗaki sai da ke. Ni ma ina so ki zo. Ki zo gida."

Ni da aka haifi yarinyar nan a gabana, ban taɓa jin sunan a wannan murya ba. Ashe da daɗi take faɗarsa, har da ɗan jan ƙarshe, kamar wadda ta daɗe tana maimaitawa a ciki. Kuka ya ƙwace mini, ban ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Suzana ta juyo, fuskarta sharkaf da hawaye, ta daka wa Yaya duka a kafaɗa.

"Kai, Hasiya! Ba ka da kunya? 'Yar fari guda, a gaban mutane, har sau uku?"

Kafin Yaya ta ba ta amsa wata ƙatuwar igiyar ruwa ta zo ta kwashe musu ƙafafu, suka zube zaune daɓas, zannuwa cike da yashi. Yaya na salati tana tofar da gishiri, amma ba ta saki hannun ba. Suzana ta share fuska da gefen ɗankwali, ta ja majina.

"To, wane kala ne ankon?" ta ce. "Kuma ka gaya wa tela ya ƙara yadi, na yi ƙiba."